Tsakanin Gawon Guci da Gawayin Anu Araren

Duk matafiyin da ya baro birnin Damagaram da rani ya nufi kudu, wajen Magarya ko Dungas, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne gawo. Gero ya daɗe da shiga rumbu, dabbobi sun cinye karmami, ƙasa ta yi fari fat, amma gawo yana nan tsaye kore shar, daga wannan gona zuwa waccan, har iyakar ganin ido. A ƙasar Guci, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na gundumar Dungas, wadda aka yanke daga Magarya a 2011, akwai gonakin da mutum zai ƙirga gawo ashirin bai ɗaga ƙafarsa ba. Babu masana'anta a nan, babu doguwar hasumiyar da ke tunkuɗo hayaƙi sama. Hayaƙin da ake gani shi ne na murhun mata, safe da yamma.

Mai karatu zai iya cewa: to, ina ruwan Guci da maganar rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wadda manyan ƙasashe ke ta taro a kanta shekara da shekaru? Ruwanta yana da yawa. Nijar tana da gawayin ƙasa, watau kwal, tana ƙona shi fiye da shekara 40, tana kuma tsaye a mararraba, ko ta ƙara dogara da shi ko ta nemi wata hanya. Shawarar da za a yanke za ta shafi murhun matar Guci da gonar mijinta. Abin mamaki kuma, babban aikin da aka taɓa yi a ƙasar nan na janye wannan hayaƙi daga sama, manoman Magarya da Dungas da maƙwabtansu ne suka yi shi, ba tare da wani ya biya su ko dala ba.

Wane irin hayaƙi ne?

Ba baƙin hayaƙin nan da ke sa hawaye ake nufi ba. Duk abin da aka ƙona, ko icce ne, ko kwal, ko man fetur, yana sakin wata iska marar launi, marar wari, wadda masana ke kira iskar kabon. Idan ta taru a sama sai ta zama kamar bargo: zafin rana ya shigo, amma ba duka yake samun hanyar fita ba. Kafin Turawa su fara ƙona kwal a masana'antunsu, cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya kashi 280 ne na kabon. Yau ya haura 420. A cikin dukan makamashi kuwa kwal ya fi kowane sakin ta. Wutar lantarkin da za ta kunna ƙwai goma masu ƙarfin wat 100 na tsawon awa guda, watau kilowat ɗaya na awa, in da kwal aka samo ta, to an saki kusan kilo guda na iskar kabon. In da iskar gas ce, wajen rabin haka. In da hasken rana ne, babu abin da ke tashi sa'ad da take aiki.

Sai dai wajibi ne a faɗi gaskiya tun da wuri: ba Nijar ta ɓata sama ba. In aka raba abin da ake saki a duniya bisa yawan mutane, kowane ɗan Adam zai ɗauki fiye da tan 4 a shekara. Mutumin Amurka shi kaɗai yana sakin wajen tan 14. Ɗan Nijar kuwa, kashi ɗaya cikin goma na tan guda ne rabonsa, da ɗan abin da ya hau. Afirka duka, da yawan jama'arta, ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke saki ba. Amma da wahala ta zo ba ta bi wannan lissafi ba. Zafin bazara yana ƙaruwa, damina ta zama marar alkawari, in ta ƙi ta ƙi, in ta zo ta zo da ɓarna. A daminar 2024 ambaliya ta kashe mutane fiye da 300 a ƙasar nan, ta rushe dubban gidaje, har tsohon masallacin ƙasa na Birnin Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi cikin watan Satumba. Ba a ce kowace ambaliya ɗumamar duniya ce ta kawo ta ba, amma masana sun haɗu a kan cewa iska mai zafi ta fi ɗaukar ruwa, in ta tashi zubarwa kuma sai ta kwarara shi gaba ɗaya.

Kwal ɗin Arewa

A 1975 aka kafa kamfanin SONICHAR don haƙar kwal a Anu Araren, kusa da Cirozerin, cikin jihar Agadas. A 1981 tashar wutarsa ta fara aiki. Injuna biyu gare ta, ƙarfinsu a haɗe kusan megawat 38. Akwai shekarun da aka haƙo fiye da tan 200.000, kusan dukansa kuma nan tashar yake ƙonewa. Kwal ne mai yawan toka, ba irin wanda za a yi wa dako zuwa bakin teku a sayar ba. An gina tashar ne musamman don ma'adinan uraniyom na Arlit da Akuta, sa'an nan garuruwan Agadas da Arlit da Cirozerin suka samu rabonsu. A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a duba: shekara da shekaru ana ƙona kwal cikin hamadar Nijar don a tono uraniyom, ana kai uraniyom ɗin Faransa yana ba ta wutar da ba ta da hayaƙi, hayaƙin kuma a littafin Nijar ake rubuta shi.

Cikin watan Maris na 2021 mahaƙar COMINAK ta Akuta ta rufe, tashar ta rasa ɗaya daga manyan masu sayen wutarta. Injunan sun haura shekara 40. Ko ba don maganar ɗumamar duniya ba, tambayar abin da zai gaje su ta riga ta iso ƙofa.

Sauran ƙasa kuwa ba da kwal take samun haske ba. Tun 1976 Yamai ke shan wutar Najeriya ta layin Birnin Kebbi. Maraɗi da Damagaram kuma ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ake sha a Nijar daga can take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, Najeriya ta yanke wutar cikin watan Agusta, ba ta maido da ita ba sai Maris na 2024. Waɗanda suka yi waɗannan watanni a birane ba su bukatar a tuna musu: masu niƙa da masu walda da teloli sun zauna, mai sayar da ƙanƙara ya rasa abin sayarwa, asibitoci sun koma kan janareto da tsadar gazuwal.

Daga nan maganar Salkadamna ta sake tasowa da ƙarfi. Salkadamna wuri ne a jihar Tawa inda aka gano kwal mai yawa, aka kuma aza harsashin aikinsa a 2014, da nufin gina tashar da za ta kai megawat 600. Shekaru suka shuɗe kuɗin aikin bai haɗu ba. Masu goyon bayansa suna da hujja, ba a kuma raina ta. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni. Ƙasar da mutum ɗaya cikin biyar kawai ke da wutar lantarki, wadda maƙwabci zai iya jefa ta cikin duhu da danna maɓalli guda, ba za a zo daga ƙasashen da suka yi shekara 200 suna ƙona kwal a ce mata ta bar nata a binne ba.

Amma a yi lissafi. Tasha mai megawat 600, in ta yi aiki kashi uku cikin huɗu na shekara, za ta ba da kilowat na awa kusan miliyan 4.000, ta saki kusan tan miliyan 4 na iskar kabon. Dukan abin da Nijar ke saki yanzu daga man fetur da gas da kwal da siminti wajen tan miliyan 3 ne. Watau tasha guda za ta ninka hayaƙin ƙasa har da ƙari. Duk da haka rabon ɗan Nijar ba zai kai kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin rabon mutumin duniya ba. Saboda haka ba kunya ba ce abin tsoro a nan, ba kuma zargin duniya ba. Abin tsoro shi ne bashi, da ruwa, da tsawon alkawari. Tashar kwal ba a gina ta don shekara goma. Shekara 40 take yi, wani lokaci fiye. Tana shan ruwa mai yawa don sanyaya injuna, a ƙasar da rijiya ke da daraja. Masu ba da rance mai sauƙi kuma sun juya mata baya: manyan bankunan raya ƙasashe sun daɗe da janye hannu, a watan Satumba na 2021 kuma shugaban ƙasar Sin ya sanar a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ƙasarsa ta daina gina sababbin tashoshin kwal a waje. Wanda ya nace sai ya gina, zai ci bashi mai tsada, ruwan bashin kuma a takardar kuɗin wutar talaka zai fito.

Abin da ya sami waɗansu

Akwai ƙasashe masu tasowa da suka riga suka nutse cikin kwal har wuya. Indiya tana samun wajen kashi 70 cikin 100 na wutarta daga gare shi, Afirka ta Kudu wajen kashi 80. A taron yanayi na Gilasgo a 2021, ƙasashe masu arziki suka yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dalar Amurka miliyan 8.500 don ta rufe tsofaffin tashoshi, ta gina na rana da na iska, ta kuma sama wa ma'aikatan kwal wata sana'a. A 2022 aka yi irin wannan yarjejeniya da Indunusiya da Biyetnam, a 2023 da Senegal. Da aka buɗe ƙunshin sai aka tarar mafi yawan kuɗin rance ne, kyauta kaɗan ce. An rufe tashar Komati a Afirka ta Kudu a watan Oktoba na 2022 tun sababbin ayyukan ba su tsaya da ƙafafunsu ba, mutanen garin suka koka. A Maris na 2025 kuma Amurka ta zare hannunta daga yarjejeniyoyin da take ciki.

Ba sai an je nesa ba ma. A Inugu, cikin Najeriya, an fara haƙar kwal tun zamanin yaƙin duniya na farko, gari ya tashi a kansa, jirgin ƙasa ya yi gudu da shi, har a Nuwamba na 1949 ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a mahaƙar Iva. Da jiragen ƙasa suka koma shan gazuwal, man fetur kuma ya samu, sai ramuka suka cika da ruwa, dubban ma'aikata suka watse. Shiga kwal da sauƙi, fita ce da wuya. Nijar tana da wata fa'ida da Afirka ta Kudu ba ta da ita: ƙafarta guda ce kawai cikin ramin.

To, da me za a yi haske? Rana dai ba ta da ƙaranci a ƙasar nan, farashin allunan da ke maida haskenta lantarki kuma ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. A Nuwamba na 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7. A 2023 ta Goru Banda, kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki, daidai lokacin da wutar Najeriya ta yanke, ta kuma rage wa babban birnin wahala. Irin wannan tasha ana gama ta cikin shekara ɗaya ko biyu, ana iya gina ta ƙanana ƙanana, wannan a Magarya, waccan a Dungas, ba sai an ja waya ta ɗaruruwan kilomita ba. Aibinta sananne ne: rana tana faɗuwa, lokacin da jama'a suka fi bukatar wuta kuma shi ne bayan magariba. Maganin wannan shi ne batura masu ajiye wuta, waɗanda su ma farashinsu ke sauka, da madatsar Kandaji mai megawat 130 da ake ginawa a kan kogin Kwara, wadda aikinta ya sha tsaiko. Hanyar da ta fi dacewa da hankali ita ce a bar wa rana aikin yini, a tanadi kwal da gazuwal don dare da ranakun hazo. Tashar da za ta yi gadin dare ba ta bukatar girman wadda za ta ɗauki nauyin ƙasa duka, bashinta ma haka.

A kwarin Korama, inda masu lambu ke noman rake da rogo da kayan miya, an riga an soma ganin ƙaramin misalin wannan canji. Injin ban-ruwa mai shan fetur yana cin ribar mai lambu kullum. Famfon hasken rana sau ɗaya ake biyansa. Tsadar sayensa ta farko ce ke hana talaka, a nan kuma rance mai sauƙi zai yi aikin da dogon wa'azi ba zai yi ba.

Wuta a gindin murhu

Duk wannan magana ta lantarki ce. Amma makamashin da Nijar ta fi ci ba lantarki ba ne, ba fetur ba ne: icce ne. Gidaje tara cikin goma da shi suke girki. Don a rage wa dazuzzuka nauyi aka kafa kamfanin SNCC a 2004, yana gasa kwal ɗin Anu Araren ya fitar masa da ɗanyen hayaƙi, a sayar wa mata a buhu su yi girki da shi. Niyyar mai kyau ce, ga gidajen kurkuku da barikoki da makarantun kwana masu manyan tukwane kuma yana da amfani, don su ne ke cinye lodin icce. Amma bai shiga gidaje yadda aka zata ba: yana da wuyar kamawa, yana son murhu na musamman, dakonsa daga Cirozerin yana ƙara masa kuɗi. Wanda ya kunna shi cikin ɗaki a rufe don jin ɗumi da hunturu kuwa yana wasa da ransa, gama iskar da yake fitarwa tana kashewa cikin barci.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata ma'aikatan hukuma su riƙe. Kabon ɗin da ke cikin kwal ya yi miliyoyin shekaru a binne. In an ƙona shi an ƙara wa sama abin da ba ta da shi. Kabon ɗin da ke cikin reshen gawo kuwa daga sama iccen ya janyo shi a ƴan shekarun nan. In an sare reshen kawai, uwar tana tsaye, za ta sake toho ta janye abin da aka saki. Saboda haka matar da ke girki da rassan da mijinta ya sassabo daga gonarsa ba ta ƙara wa duniya zafi kamar wadda ke girki da kwal. Ɓarnar tana wajen wanda ke tumɓuke icce har gindi, da wanda ke turara ɗanyen icce ya yi gawayi don kasuwar birni.

Birni ne ya kamata a ba wani makamashi. Tun 28 ga Nuwamba na 2011 matatar SORAZ, wadda ke arewa da Damagaram, take tace gangar mai har 20.000 a rana, tana kuma fitar da gas na girki. Gas ma yana sakin kabon, amma kowace tukunyar gas da ta shiga gida a Damagaram ko Maraɗi, amalanken icce ne ta hana tasowa daga ƙauye, ta kuma fid da mace da goyonta daga hayaƙin da ke cin huhu da ido. Matsalar ita ce kuɗin tukunyar farko, da yankewar gas a kasuwa lokaci lokaci, wadda ke maida mata ga icce ko sun so ko ba su so ba. A ƙauye kuwa, inda gas bai isa ba, murhun ƙarfe Mai Sauƙi da aka yaɗa tun shekarun 1980 da murhun laka mai kare iska suna rage cin icce ƙwarai bisa ga duwatsu uku. Maƙerin gari zai iya ƙera na farko, mace da hannunta za ta gina na biyu.

Yadda gawo ya dawo

Dattawan Damagaram suna ba da labarin cewa Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ya hana sare gawo, hukuncin wanda ya sare kuma mai tsanani ne ƙwarai. Ba banza ba. Gawo icce ne mai saɓa wa ƴan'uwansa: da damina yake zubar da ganye, don haka inuwarsa ba ta danne gero, da rani yake yin ganye da ƴaƴa, daidai lokacin da dabbobi ke neman abin ci. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen da ya zuba taki ne, dabbobin da suka yini ƙarƙashinsa kuma sun bar nasu. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili zangarniya.

Zamanin gyaɗa ne ya fara yi masa lahani. Magarya ta yi suna da gyaɗa tun mulkin Faransa har zamanin SONARA, ana kuma koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ta tas, babu kututture, babu tsiro, don garmar shanu ta wuce. Sa'an nan farin 1973 da 1974 ya zo, na 1984 ya biyo, aka sare abin da ya rage don a sayar a sayi hatsi. Doka ma ba ta taimaka ba. Icce na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonar mutum yake. Wanda ya sare reshe ma'aikatan gandun daji su ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa kashe tsiron tun yana ƙarami, kafin ya zama abin magana. Iska ta samu fili, tana binne shuka da rairayi, manomi ya yi shuka sau biyu, sau uku.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. A 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, aka maida ranar 3 ga Agusta ranar dashen itatuwa, Samariya suka dasa dubbai. A Mayu na 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. Amma yawancin abin da aka dasa cikin leda bai ga damina ta biyu ba, don babu mai shi. Abin da ya yi nasara wani abu ne mai araha. A wajen 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a ƙasar Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake ɗauka sabara ce ko ƙaya, da yawansu toho ne na tsofaffin kututture masu saiwa mai zurfi. Ba sai an dasa ba, sai dai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a yanke sauran, a kare su daga akuya da gatari. Wannan shi ne sassaben zamani. A ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya kuwa, inda jama'a suka yi yawa, gonaki suka ƙuntata, hutun gona ya ƙare, taki ya yi tsada, manoma da kansu suka koma ga dabarar kakanni ta barin gawo, maƙwabci yana gani wajen maƙwabci. Dokar karkara ta 1993 da dokar dazuzzuka ta 2004 suka sassauta riƙon hukuma, manomi ya fara jin cewa iccen gonarsa nasa ne.

Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya kimanta cewa a waɗannan gundumomi uku kaɗai, Dungas tana cikin Magarya a lokacin, kusan hekta miliyan 1 sun sake yin itatuwa. A faɗin ƙasa an kimanta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Kusan rabin nauyin busasshen icce kabon ne, kowane kilo na kabon kuma fiye da kilo 3 da rabi ne na iskar da aka janye daga sama. Mai karatu ya dubi gawo guda wanda mutum biyu ba za su iya rungumarsa ba, ya tuna da saiwarsa da ba a gani, sa'an nan ya tuna da miliyan 200. Ba don ɗumamar duniya manoman nan suka yi ba. Don gero suka yi, da harawa, da iccen girki. Shi ya sa aikin ya ɗore, alhali ayyuka masu motoci da alluna a bakin hanya sun zo sun wuce.

Yanzu akwai kamfanoni na ƙasashen waje da ke biyan kuɗi don a ajiye musu kabon cikin itatuwa, su kuwa su ci gaba da sakin nasu. Ranar da irin wannan ciniki zai iso Dungas, tambayoyi uku ne magajin gari da mai gari ya kamata su yi kafin a sa hannu a takarda: nawa ne zai shiga hannun mai gona, shekara nawa aka ɗaure shi, ko kuma zai iya sare reshe ya ba tumakinsa in rani ya tsananta. Yarjejeniyar da za ta sake ƙwace gawo daga hannun manomi, ko da sunan ceton duniya ne, za ta maido da abin da aka gani kafin 1984.

Gawon ma ba a ce ya tsira ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 a Nijar, yau sun haura miliyan 25, kudancin Damagaram kuma yana cikin wuraren da suka fi cunkoso. Gona tana rabuwa tsakanin magada har ta zama ƴar ƙurya. Ɓarayin icce suna shiga da dare su kwantar da abin da mutum ya yi shekara goma sha biyar yana reno, da safe sai kututture. Masu kiwo, in ciyawa ta ƙare, suna yi wa gawo aski har ƙoli. Kasuwar icce ta birane da ta tsallaken iyaka kuma ba ta ƙoshi. A garuruwan da aka kafa kwamitin tsaron itatuwa, aka sa manoma da makiyaya da mata a ciki, sarki da ma'aikacin gandun daji suka tsaya bayansa, sata takan ragu. Inda kwamitin filaye ya rubuta wa mutum takardar gonarsa, yakan fi sakin jiki ya bar tsiro ya girma.

Waɗannan ayyuka ba su bukatar rancen miliyoyi, suna hannun hukumomin gari da sarakuna. Lokacinsu kuma sananne ne: watan Afirilu da Mayu, sa'ad da manomin Guci ke fita da gatari da adda don sharar gona kafin ruwan shuka. A nan ne, tsiro bayan tsiro, ake yanke wanda za a bari da wanda za a tara a cinna wa wuta.